Mai Wurno: Zangon da Ya Zama Gari

Wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni a kan kwalta ya nufi Madawa zai wuce Malbaza da masana'antarta ta siminti, sannan ya iso Galmi, inda buhunan albasa ke jiran manyan motoci a bakin hanya. Kusa da Galmi akwai wani ƙauye, Maratta, wanda yawancin matafiya ba sa ko waiwayarsa. A nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a watan Disamba na 1754. Zuriyar da ta fito daga wannan ƙauye ita ce, bayan shekara ɗari da hamsin, ta kafa wani gari a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, garin da har yau yake da sarkinsa, ake kuma jin Fulatanci da Hausa a lungunansa tare da Larabci. Sunan garin Mai Wurno.

Dangin Shehu baƙi ne a ƙasar Ƙonni. Toronkawa ne, kuma ruwayar gidansu ta ce kakansu Musa Jakollo ne ya jawo su daga Futa Toro, can kwarin kogin Sanagal, suka sauka a Ƙonni wajen ƙarni na 15. Malamai ne masu allo da tawada, sun zauna a gefen masu sarauta tsawon zuriya da yawa, ana neman addu'arsu ana kuma sa musu ido. Da zama ya yi tsami sai wani reshe ya koma Maratta, daga baya mahaifin Shehu ya kwashe iyalinsa zuwa Ɗegel. Sauran labarin ɗan makaranta ma ya san shi: hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tafkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa a 1808, gina Sakkwato a 1809. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Matankari da Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci a 1804. Jikokin baƙin jiya sun komo garin da ya sauki kakanninsu, wannan karon da tuta.

To amma daular da aka kafa ta taso da wata magana a cikinta wadda ba ta bar mutane sun miƙe ƙafa sosai ba. An riƙe cewa Shehu ya faɗa cewa zaman nan na wucin gadi ne, cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za su tashi su yi gabas, su sadu da Mahadi a wajen kogin Nilu ko a ƙasar Makka. Shi kansa Shehu ya musanta cewa shi ne Mahadi, ya rubuta haka ƙarara, sai dai ya bar mutanensa da jiran mai zuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama na Fombina yana umartarsa da ya sa kunne ga labarin gabas, wajen Wadai da Darfur. Duk lokacin da fari ko yaƙi ya matsa, sai ka ji wasu sun ɗaure kaya sun ce lokaci ya yi. Abin ya kai har Nana Maryamu ƴar Shehu, a tsufanta, ta rubuta wa Sarkin Kano tana jan hankali cewa lokacin tashin bai zo ba tukuna. Sarakuna na tsoron maganar don dalili mai sauƙin ganewa: talakan da ya yi gabas ya tafi da harajinsa da hannun nomansa.

A 1881 sai ga wani mutum a Sudan, Muhammad Ahmad, ya ce shi ne Mahadin. Ya ci Khartum a Janairun 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekarar. Sakkwato ba ta yi masa mubaya'a ba, amma wani jikan Muhammadu Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya karɓi kiransa daga Balda a ƙasar Adamawa, kuma wani malami mai suna Jibrilla Gaini ya kafa cibiyar masu wannan ra'ayi a Burmi, kusa da kogin Gongola da dutsen Bima. Wannan Burmi za ta sake fitowa a labarin.

Mutanen Ƙonni sun riga mutanen Sakkwato sanin abin da zuwan Nasara ke nufi. A ranar 8 ga Mayu 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi, ta karkashe mutane ba adadi, bayan ta bi ƙauyukan yamma da wuta tun daga bakin Kwara. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato tafiyar ƴan kwanaki ce a ƙasa, don haka labarin ya isa fada da zafinsa. Daga kudu kuma Ingilishi na tahowa: Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902. Da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902 aka naɗa Muhammadu Attahiru, ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu, ya tarar da gida ana gardama a kan abu uku: a yi yaƙi, a nemi sulhu, ko a yi hijira. Kowane ɓangare na da malamansa da hujjojinsa daga littafi. Ba a gama yanke shawara ba Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu 1903.

Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato. Bai daɗe ba, domin doki da mashi ba sa isa inda bindiga mai ruwa take. Daga wannan fili gidan Shehu ya rabu biyu. Waziri Buhari ya komo gari da waɗanda suka zaɓi zama, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa ta zama ƙarƙashin Nasara muddin ba su hana salla da azumi ba. Cikin mako guda Lugard ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a kan gadon sarauta. Marafa Maiturare na Gwadabawa, ɗan'uwan Attahiru na farko uba ɗaya, shi ma ya zauna, har ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Attahiru kuwa ya juya kan dokinsa gabas.

Turawa sun ɗauka gudu ne na sarkin da aka kora, wanda zai ƙare cikin ƴan kwanaki. Abin da suka gani ya ba su tsoro. Ayarin ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, kuma duk inda ya wuce sai garuruwa su zube a bayansa. Lokacin share gona ne, damina na bakin ƙofa, amma manoma suka ajiye fartanya, mata suka ɗora tukwane a ka, masu sarauta suka bar gidajensu a buɗe. Maganar da aka yi shekara ɗari ana jira ta zo, Sarkin Musulmi da kansa ne a gaba, wa zai tsaya shuka gero? Jami'an Ingilishi suka shiga aika rahoto cewa ƙasa na neman zama kango, suka saki rundunoni a bayan ayarin, suka matsa wa sababbin sarakunan da suka naɗa su tsare mutanensu.

Idan aka dubi waɗanda suka taru a wannan tafiya, sai a ga kamar an tattaro duk waɗanda zamani ya kayar a Afirka ta Yamma. Akwai Sarkin Misau Ahmadu. Akwai Etsu Nupe Abubakar, wanda aka raba da Bida. Akwai Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, Turawa na nemansa ruwa a jallo. Akwai kuma mutanen Futa, Tijjanawan gidan Alhaji Umaru, waɗanda Faransawa suka koro daga Segu da Nioro da Bandiagara, suka yi tafiyar shekaru har suka sami mafaka a ƙasar Sakkwato, inda shugabansu Ahmadu ɗan Alhaji Umaru ya rasu. Waɗannan hijirarsu ta biyu ke nan cikin shekara goma. A cikinsu akwai malaminsu Alfa Hashim.

Aka doshi Burmi. Malam Jibrilla ba ya nan, Turawa sun kama shi tun 1902 sun kai shi Lakwaja, amma mutanensa na nan da ganuwarsu. Ranar 13 ga Mayu wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta gwada shiga garin, aka yi mata ruwan kibau har ta ja da baya da raunuka masu yawa, ta koma Bauci. Attahiru ya aika wa Turawa cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya yake nema ya wuce. Ba su yarda ba, don sun san muddin yana raye yana tafiya, sarkin da suka naɗa a Sakkwato riƙon ƙwarya kawai yake yi a idon jama'a. Suka tara sojoji da manyan bindigogi, suka komo ranar 27 ga Yuli 1903. Aka yini ana yaƙi har cikin gari, gida gida. Kwamandansu, Manjo Marsh, kibiya ta kashe shi. Da yamma aka sami gawar Attahiru a cikin gawawwakin mutanensa, waɗanda suka haura ɗari shida. Tutarsa Turawa suka tafi da ita Ingila, sai a 1960 aka maido ta Sakkwato. Yau kufan Burmi na cikin jihar Gombe, ba nisa da masana'antar siminti ta Ashaka, abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna cewa mahaifar Shehu ma tana maƙwabtaka da ta Malbaza.

A lissafin Turawa magana ta ƙare a nan. Da yawa daga cikin talakawan da suka biyo ayarin sun juya gida, wasu an kama su, wasu sun watsu a ƙauyukan Gongola. Amma wani ɗan Attahiru ya tsira, Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno kamar yadda ake yi wa masu sunan Sarkin Musulmi Bello da ke kwance a Wurno. Ruwayar gidan ta ce uban ne ya umarce shi ya fita ya ci gaba da jan jama'a gabas. Ya fita, waɗanda suka rage suka bi shi.

Sai mutum ya tsaya ya auna wannan tafiya kafin ya wuce ta. Babu mota, babu jirgi, kuma rabin hanyar ba ta hannun kowace gwamnati da za a nemi izini gare ta. Jamusawa na riƙe da Adamawa ta gabas, Faransawa na kafa ƙafa a bakin Shari, Wadai na da sarkinta har 1909, Darfur na hannun Ali Dinar har 1916. Ayari mai tsofaffi da jarirai da shanu ba ya tafiya kullum. Ana tafiya da rani, a tsaya da damina a roƙi gona a yi noma, a girbe, a sake ɗaura kaya. Ana biyan kuɗin hanya ga kowane mai gari, ana fama da ƴan fashi da masu kamun bayi, ana binne mutane a gefen hanya. Wasu sun gaji sun zauna a inda suka tsaya, shi ya sa har yau ake samun unguwannin Hausawa da Fulani a jere tun daga Cadi har Kordofan. Masu tarihi kan ambaci kimanin mutum 25,000 da suka bi sawun wannan hijira. Alfa Hashim ya kai har Madina, ya zama babban malami a can, ya rasu a farkon shekarun 1930. Mai Wurno da jama'arsa sun iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906.

Ga abin da suka tarar. Mahadin da aka ce za a sadu da shi a Nilu ya rasu shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Daular da ya bari Kitchener, kwamandan Ingilishi, ya rushe ta a Karari, bayan Omdurman, tun 2 ga Satumba 1898, wato kusan shekara biyar kafin Burmi. Tutar da ke kaɗawa a Sennar ita ce dai ta Ingila, tare da ta Masar. Mutanen da suka bar gonakinsu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara sun yi tafiyar shekara uku sun sauka a hannun Nasaran nan dai. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Sai dai Ingilishin Khartum lissafinsu daban ne da na Ingilishin Nijeriya. Sudan ta fito daga shekarun yaƙi da yunwa da annoba, ƙauyuka da yawa a bakin Nilu sun zama kufai, ƙasa ga ta nan babu mai noma. Mutanen da Lugard ke gani a matsayin masu tayar da ƙayar baya, gwamnatin Khartum ta gan su a matsayin hannayen aiki. Baƙin suka fara sauka a Shaikh Talha, ƙauyen da ke gabashin kogin, wanda wani malami Bafillace da jama'arsa suka zauna tun ƙarni na 19. Haka baƙunci yake tafiya ko'ina, sabon zuwa yana neman gidan wanda ya riga shi. Daga baya aka ba Mai Wurno fili a yammacin kogin, kudu da Sennar kaɗan, ya haye da mutanensa, aka share daji aka kafa bukkoki. Garin ya ɗauki sunan mai shi.

A nufinsu zango ne. Makka na gaba, Bahar Maliya ce kawai ta rage, za a huta a tara guzuri a wuce. Amma guzuri na son noma, noma na son gona, gona kuma na son a zauna a jira ta. Mai Wurno ya zama mai raba ƙasa, mai yanke shari'a, mai karɓar baƙi, gwamnati kuma ta amince da shi a matsayin sarkin jama'arsa. Duk ayarin alhazai da ya iso daga yamma ya san akwai garin ɗan Sarkin Musulmi inda za a ji harshensa a ba shi masauki. Da garin ya cika sai aka riƙa tura mutane suna kafa sababbin ƙauyuka a bakin kogin da wajen gabas. Turawa ba su saki jiki da shi gaba ɗaya ba. A shekarun 1920 tsoron Mahadiyya ya sake kama su: a 1923 suka kama Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa suka kai shi Buea a Kamaru, suka kuma aiko wani jami'i daga Nijeriya, Lethem, ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda yana binciken wasiƙun da ke kai da kawo. Yawancin mutanen yamma da zuciyarsu ke ga Mahadiyya tsibirin Aba suka nufa, wurin Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, suna yi masa noma don neman albarka. Mai Wurno ya riƙe garinsa, ya zauna lafiya da hukuma har rasuwarsa a shekarun 1940, sarauta ta wuce ga ɗansa Muhammadu Ɗahiru.

Abin da ya ɗaure baƙin da ƙasar Sudan ɗauri na gaske shi ne auduga. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, ƴar tafiya kaɗan daga Mai Wurno, aka buɗe gonakin Jazira tsakanin Nilu biyu don ciyar da masaƙun Lancashire. Auduga na son hannu wajen shuka da cira da tsinka, kuma masu riƙe da gonakin ba su isa su yi aikin su kaɗai ba. Mutanen yamma suka cike gurbin: Hausawa, Fulani, Barebari, mutanen Wadai, har da talakawan ƙasar Faransa da suka gudo daga aikin tilas da haraji, cikinsu da na Adar da Gobir da Damagaram. Suka zauna a sansanonin leburori a gefen magudanan ruwa. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu gonaki da yawa suka watsar, baƙin suka karɓa suka riƙe, amma da kasuwa ta farfaɗo aka fara cewa gona ta ɗan ƙasa ce. Can gabas ma haka, a inda kogin Gash ke gangarowa daga duwatsun Eritiriya ya wuce Kassala ya baje a fili ya ƙafe ba tare da ya kai teku ba. Laka mai kyau da yake zubarwa kowace shekara ta jawo kamfanin auduga a shekarun 1920, kuma mutanen yamma na cikin waɗanda suka noma ta tare da Hadandawa masu ƙasar. Jirgin ƙasa da ya kai El Obeid tun wajen 1912 ya sauƙaƙa rabin tafiyar, ayari ya ƙaru.

Da haka Hausawa suka shiga cikin rayuwar Sudan ta ƙofar aiki. Su ne masunta a Nilu, su ne masu lambu a bakin kogi idan ruwa ya janye, su ne malaman allo da ake zuwa wurinsu neman rubutun sha. Agashe, naman da ake gasawa da ƙuli da yaji, wanda samarin Khartum suka saba yin layi a kansa da yamma, daga hannunsu ya fito. Larabawan Sudan suka haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata ko Takarir, ba ruwansu da wane ne Bahaushe wane ne Babarbare, kuma sau da yawa sunan na ɗauke da raini.

Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan Jazira ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ya tarar da mutanen da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, wasu har kakanninsu, amma idan ka tambaye su sai su ce su alhazai ne a kan hanya. Ba su taɓa ganin Kano ba, ba su taɓa ganin Makka ba, suna dai tsakani. Wasu ba sa son gina gidan da zai nuna an zauna ke nan. Ana iya yi wa wannan dariya, amma ni ina ganin hikima ce ta wanda aka hana shi zama ɗan gari: idan kai matafiyi ne zuwa ɗakin Allah, ba wanda zai ce maka kai ba kowa ba ne. Kafin shi wani Bature, Mark Duffield, ya yi bincike a cikin garin Mai Wurno kansa, littafinsa ya fito a 1981, ya nuna yadda kuɗi da motocin haya da manyan gonaki suka fara raba jikokin muhajirai gida biyu, masu shi da masu yi musu aiki, kamar kowane gari.

Takarda ce ta fi ba su wahala. Dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan a 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 bayan samun mulkin kai, sun sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. An zaɓi ranar ne don ta zo kafin Kitchener ya rushe daular Mahadi. Mutanen Mai Wurno sun iso wajen 1906, sun makara da shekara tara. Ga mutum an haife shi a bakin Nilu, ubansa ya haƙa magudanar Jazira da hannunsa, amma sai ya nemo shaidu da takardu kafin a ba shi abin da maƙwabcinsa ke samu kyauta, kuma ba tare da wannan takarda ba babu aikin gwamnati, babu riƙon gona a Jazira cikin kwanciyar hankali. Wannan ya sa wasu iyalai suka daina Hausa da Fulatanci a bainar jama'a, suka nemi nasabar Larabawa suka rataya. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, abin da ya shigar da mafi yawansu a takarda. Abin da ke bakin mutane kuwa doka ba ta goge shi da sauri haka.

An ga wannan a 2008, lokacin da wata jarida ta danganta wa shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba ƴan ƙasa ba ne. Fadarsa ta musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga a garuruwan gabas, aka rasa rayuka. An sake gani da muni a Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, kudu da Mai Wurno. A tsarin Sudan, ƙabilar da ke da sarautar gargajiya da gwamnati ta amince da ita ita ce ke da bakin magana a kan ƙasa. Hausawan jihar suka nemi a ba su tasu masarautar, wasu daga cikin ƙabilun da ke ganin ƙasar ta kakanninsu ce suka ce ba za a yi ba, domin baƙo ba ya mallakar ƙasa. Faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, mutane fiye da ɗari suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kassala da Gadarif da Port Sudan. A watan Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi, ya ci rayuka fiye da na farko. Da yawa daga waɗanda suka tsere arewa suka yi, zuwa jihar Sennar, wurin danginsu.

Ba su daɗe da sauke kaya ba babban yaƙin Sudan ya tashi a ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disamban wannan shekarar. A ƙarshen Yunin 2024 RSF suka kama Singa, hedikwatar jihar Sennar, birnin Sennar kuma ya shiga ƙawanya. Mai Wurno na kan hanyar da ta haɗa biranen biyu, don haka yaƙin ya zo har ƙofarta, mutanen yankin da dama suka sake ɗaura kaya suka yi gabas wajen Gadarif da Kassala. Sojoji sun ƙwato Singa a watan Nuwamba na 2024, suka koma Wad Madani a Janairun 2025.